Inji ya ci yatsuna biyu, an kore ni, kuma ba ni da kuɗin lauya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Jihar Kebbi. Shekara 4 ke nan ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa, mu kusan 40 ne, albashina naira 45,000 a wata. Ba a taɓa ba ni takardar ɗaukar aiki ba. Wata 2 da suka wuce bel ɗin inji ya fizgi hannuna na dama, aka yanke mini yatsu 2 a asibiti. Manaja ne ya kai ni da motarsa, ya biya kuɗin ranar farko, daga nan ban ƙara ganin kowa ba. Da na koma aka ce an sa wani a gurbina. Ina bin su albashin wata 3. Da na matsa, sai aka ce buhuna sun ɓace a hannuna, 'yan sanda suka tsare ni kwana 3, sai da yayana ya biya kuɗi aka sake ni. Yanzu sun aiko cewa za su ba ni naira 50,000 in sa hannu a wata takarda da aka rubuta da Turanci. Kawuna ya ce in karɓa in bar wa Allah sauran. Na ji an ce akwai lauyoyi masu tsaya wa talaka kyauta. Gaskiya ne? Ina zan same su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sannu, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Gaskiya ne akwai lauyoyin da ke tsaya wa mutum ba tare da sun karɓi kuɗin aikinsu ba, kuma za mu faɗa maka inda suke. Amma kafin nan, don Allah kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar nan.

Irin wannan takarda kusan abu ɗaya take cewa: wai ka karɓi dukkan haƙƙinka, ka ajiye aiki da kanka, ba ka bin kamfani komai. Wani lokaci a cusa layin da ke nuna ka amsa laifin ɓatan kaya. Ba sai ka yi faɗa da ɗan aiken ba. Ka ce masa cikin ladabi, "A ba ni kwafe in kai a karanta mini, in na fahimta zan dawo." In sun hana ka kwafe, ka nemi ɗaukar hotonta da waya. In nan ma sun hana, to ka san abin da ke ciki ba alherinka ba ne. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi ta yafe diyyar rauni ba ta da ƙarfi, sai dai wannan kariyar ba za ta ceci albashinka cikin sauƙi ba, kuma lauyan da ya karɓi aikinka zai ɓata watanni yana ƙoƙarin warware abin da ka ɗaure da hannunka. In kuwa sun ce za su biya ka wani abu daga cikin bashin albashi, ka karɓa, amma ta banki, sannan ka tura wa manaja saƙo cewa ka ga naira kaza a matsayin wani ɓangare na albashinka, saura kaza.

Kai kana kallon abin da ya same ka a matsayin zalunci guda. A wurin doka magana 3 ce: rauni, albashi da kora, sai tsarewa. Kowace da ƙofarta, kowace da wa'adinta. Wadda lokacinta ya fi gudu ita ce ta hannunka, don haka da ita za mu fara.

Dokar ta 2010 ta ɗora wa kowane mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata ga asusun inshorar ma'aikata, NSITF, kuma ba a cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Daga asusun ake biyan magani da diyyar naƙasa, ba tare da sai an tabbatar da laifin wani ba. Ma'aikaci zai sanar da ubangidansa cikin kwana 14 da jin rauni, ubangidan ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, sannan a shigar da takardar neman diyya cikin shekara 1 daga ranar da abin ya faru. Kwana 14 ɗinka sun wuce, amma kada hankalinka ya tashi. Dokar ta yi sassauci idan kamfani ya riga ya san da raunin, kuma mutumin da ya ɗauke ka da motarsa zuwa asibiti ba zai ce bai sani ba. Abin da ya rage shi ne ka tabbatar da hakan: wa ya gan ku kuna fita, sunan wa aka rubuta a rasit ɗin ranar farko, me aka rubuta a katinka game da yadda ka ji ciwon.

A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Ma'aikacin jinya yakan rubuta "rauni a hannu" kawai, ba a ambaci inji ko wurin aiki ba. Ka koma asibitin da aka yi maka aiki ka nemi rahoton likita a rubuce, mai hatimi da sa hannu, wanda ya faɗi ranar da aka kawo ka, abin da ya jawo raunin, yatsun da aka yanke da gaɓar da aka yanke su, da kuma yadda hakan ya rage maka ƙarfin aiki. Babban yatsa da manuni ba ɗaya suke da ɗan ƙaramin yatsa ba a lissafin diyya, haka nan hannun dama ga mai aiki da dama. Ka riƙe hoton ƙashi in an ɗauka, da kowane rasit na magani, ko na naira 500 ne. Ka ɗauki hoton hannun yanzu, tun tabon bai gama rufewa ba.

Ƙananan kamfanoni da yawa ba su yi rajista da NSITF ba. In naku na cikinsu, laifin nasu ne, kuma hanya ba ta toshe ba, domin ana iya neman diyya a kotu bisa sakaci. Dokar masana'antu ta wajabta a rufe duk wani ɓangaren inji mai haɗari da kariya mai ƙarfi, ta kuma ce a kai rahoton hatsarin da ya hana ma'aikaci aiki fiye da kwana 3. Don haka ka tuna da kyau: bel ɗin nan yana da murfi ranar? An cire shi don gyara ba a mayar ba? An taɓa koya maka yadda ake kashe injin cikin gaggawa? Wani ya taɓa jin ciwo a wurin kafin kai? Ka rubuta amsoshin da Hausa ko da ajami tun ba ka fara mantawa ba. Kada ka zaɓi tsakanin asusun inshora da ƙarar sakaci da kanka, domin ɗaukar ɗaya na iya rufe maka ɗayar. Wannan shawarar lauya ce bayan ya ga takardunka.

Maganar albashi ta fi sauƙi, lissafi ne. Rashin takardar ɗaukar aiki bai sa ka zama ba ma'aikaci ba. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce kamfani ne zai ba ka takardar sharuɗɗan aiki cikin wata 3 da farawa, don haka gazawar tasu ce. Wata 3 a kan naira 45,000 ya kama 135,000. Sashe na 11 ya tsara notis ɗin sallama: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. Kai na mako 2 ne, a rubuce, ko a biya ka kuɗinsa, kimanin naira 22,500. Akwai hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi bayan kowane wata 12, da hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara idan likita ya tabbatar. Tun a nan ka ga 50,000 ɗin ba ta kai ko rabin bashin albashi ba, ba a ma zo kan yatsu ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma mai yiwuwa ya fi wancan yawa. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne, kuma dokar ta shafi duk wurin da ke da ma'aikata 25 ko fiye. In da gaske kun kai 40, ana rage maka naira 25,000 kowane wata tun da dokar ta fara aiki. Kamfani zai kare kansa da cewa ku 'yan aikin kaka ne, ko kuma buhu-buhu ake biyan ku, domin dokar ta cire masu aikin lokaci-lokaci da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi. Maganin wannan shi ne shaidar cewa kuɗi iri ɗaya ke shigo maka kowane wata, rani da damina. Haka nan fansho: dokar 2014 ta ce wurin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama zai zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8. In an taɓa cire maka wani abu da sunan fansho, ka gaya wa lauya.

Tsarewar da aka yi maka kuwa ta fi komai ɓata mana rai, domin hanya ce da aka saba bi don a rufe bakin mai bin bashi. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin awa 24 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, awa 48. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, kuma belin ofishin 'yan sanda kyauta ne. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a, ana kuma shigar da irin wannan ƙara a Babbar Kotun Jiha ko Babbar Kotun Tarayya, duk akwai su a Birnin Kebbi. Ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙara ba su sa mata wa'adi ba, amma shaida na tsufa. Yayanka ya rubuta ranar da aka kama ka da ranar da aka sake ka, nawa ya biya, wa ya miƙa wa, wa ke wurin. Kai kuma ka tuna ko ka sa hannu a wani bayani a can, kuma ko an karanta maka shi. In aka sake kiran ka, ka je, kada ka ɓuya, amma ka je da lauya, kuma kana da damar cewa ba za ka ba da bayani ba sai yana wurin.

Yanzu inda za ka je. Ƙofa ta farko ita ce hukumar tallafin shari'a ta tarayya, wadda za ka ga an rubuta Legal Aid Council a allon ofishinta. An kafa ta a 1976, tana aiki da dokar 2011, tana da ofis a babban birnin kowace jiha, har da Birnin Kebbi da Gusau. Ma'auninta shi ne wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, kuma kai ka shiga ciki. Ga wata dabara: a ɓangaren ƙararrakin da ba na laifi ba, dokar hukumar ta ambaci haɗurra, har da diyyar ma'aikata, da take haƙƙin ɗan Adam. Don haka in ka shiga, kada ka fara da "ina bin albashi". Ka fara da hannunka da kwana 3 da ka yi a tsare, sannan albashi ya biyo baya. Lauyoyinsu kaɗan ne, kuma masu jiran shari'a a gidan yari sun cinye yawancin lokacinsu, saboda haka ka karɓi sunan jami'in da ke riƙe da fayil ɗinka da lambar fayil ɗin, ka riƙa leƙawa.

Ƙofa ta biyu reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, na Birnin Kebbi. Ka tambayi kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na reshen, ka miƙa koke a rubuce. Lauyoyi na kiran wannan aiki pro bono, wato aiki don amfanin jama'a. Ba bara kake yi ba: sana'ar ta san da shi, har ma mai neman muƙamin babban lauya na SAN sai ya nuna ƙararrakin da ya yi kyauta. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana karɓar koke a kan tsarewa ba tare da ko kwabo ba. Hukumar Karɓar Koke-Koken Jama'a tana iya gayyatar kamfani a kan albashi, amma a kai mata cikin wata 12. Ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihar shi ma yana kiran ɓangarori biyu a zauna, kuma jami'ansa na da ikon shiga masana'anta su duba inji. Mata masu irin wannan matsala su ƙara da ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA. In ka kai koke wuri fiye da ɗaya, ka gaya wa kowa, kada lauyanka ya ji a bakin abokin hamayya.

Ka fahimci ma'anar "kyauta" tun ranar farko, domin a nan ake samun ɓacin rai. Lauya mai zaman kansa ya yafe kuɗin aikinsa ne. Kuɗin shigar da ƙara, na rantsuwa, na kwafe-kwafen takardu, na masinjan kotu da zai kai sammaci, na rahoton likita, da kuɗin mota, duk suna nan, kuma wani ne zai biya. Ka tambaya kai tsaye: "Barista, me ke kaina, me ke kanka?" A rubuta amsar, ko layi 5 ne, kowa ya riƙe kwafe. Wani lauyan zai ce ba ya son komai yanzu, amma zai ɗauki kaso in an ci nasara. Wannan halas ne a irin ƙararka, sai dai ba aikin kyauta ba ne, don haka a rubuta kason, a kuma fayyace ko kafin a cire ɗawainiya ne ko bayan an cire. Duk kuɗin da ka ba da na kotu, ka nemi rasit ɗin kotu. Ka kiyayi masu tare mutane a bakin kotu suna cewa sun san alƙali ko za su haɗa ka da lauya in ka ba da na goro. Lauya na gaske yana da ofis, kuma takardun da ya shirya suna ɗauke da hatimin NBA mai sunansa da lambarsa.

Lauyan da ke aiki kyauta yana da wasu ayyukan da ke ciyar da iyalinsa. Wanda ya zo masa da labari mai tsawo da hannu wofi yakan jira, wanda ya zo da fayil a shirye aikinsa ke tafiya. Ka sayi fayil na roba. Ka sa takarda guda mai jerin ranaku, daga ranar fara aiki zuwa ranar da aka aiko da maganar 50,000. Ka je banki ka nemi bayanan asusunka masu hatimi, domin alat na waya na iya gogewa, kuma kotu na neman takardar tabbaci kafin ta karɓi abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta. In hannu da hannu ake biyan ku, ka tuna littafin da kuke sa hannu da wanda ke riƙe da shi. Katin shaida na aiki, rigar aiki, hotunan da ka taɓa ɗauka a wurin, saƙonnin WhatsApp tsakaninka da manaja, kada ka goge ko ɗaya, kada kuma ka sayar da wayar. Shaidu: abokan aikin da ke ciki har yanzu suna tsoron abincinsu, kada ka ga laifinsu in sun noƙe. Ka nemi waɗanda suka bar wurin, da direba ko mai gadi ko mai abincin bakin ƙofa. Asalin takardu su zauna a wurinka, kwafe za ka ba da, sai ranar da kotu ta nema.

Ka kawo buhun kamfanin ko wata takarda mai kan wasiƙarsu. Sunan da mutanen gari ke kiran wuri sau da yawa ba shi ne sunan da aka yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ba, kuma ƙarar da aka shigar da sunan da babu shi a doka tana iya rushewa bayan an yi shekara ana zarya. In ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke ku, ka faɗa, a haɗa su duka biyu.

Mun san za a ce maka ka kai su kotun shari'ar Musulunci ko majistare da ke kusa, an fi sauri. Tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai hurumin rikicin aiki, albashi da kora. Hukuncin da wata kotu ta yanke a kai, lauyan kamfani zai rushe shi da maganar hurumi kawai. Kotun tana da reshe a Sakkwato, can ƙararrakin ma'aikatan wannan yanki suka saba zuwa, don haka ka sa kuɗin mota a lissafi. Kafin a kai can, lauya zai rubuta wa kamfani wasiƙar neman haƙƙi mai wa'adin kwana 7 ko 14, a kai ta, a sa su buga hatimin karɓa a kwafenka. Wasiƙar nan kaɗai takan sa mai kamfani ya nemi a zauna, musamman in ya ga an ambaci NSITF da murfin inji.

Kada ka sa ran kotu za ta mayar da kai bakin aiki. A kamfani mai zaman kansa da wuya ta tilasta hakan, kuɗi take yankewa. Ƙara na iya cin shekara ko fiye, kuma bayan hukunci akwai aikin karɓo kuɗin, wanda wani lokaci sai an nemi kotu ta riƙe asusun kamfani a banki. Saboda haka sulhu mai kyau ya fi mana ƙara mai tsawo, kuma ita kanta kotun tana da cibiyar sulhu tun 2015. Sharaɗi dai a yi shi da lissafi a gabanka da lauya a gefenka, a rubuta adadi da ranar biya, in an riga an shigar da ƙara a kai takardar kotu ta mayar da ita hukunci.

Kawunka kuma tsoro yake ji maka, ya ga an riga an rufe ka sau ɗaya. Kada ka yi masa gardama. Ka zauna da shi ka nuna masa lissafin, 135,000 na guminka a gefe guda, 50,000 a ɗaya gefen, ka roƙe shi ya raka ka Birnin Kebbi. In ya fi son a bi ta hannun hakimi ko limami, babu laifi, a bi, amma bayan lauya ya faɗa muku abin da ya kamata a nema. Gobe ka fara da asibiti, domin rahoton likita yakan ɗauki kwanaki kafin ya fito. Ranar da ka je nemansa ka leƙa banki ka nemi bayanan asusunka, sannan ka rubuta ranar da injin ya kama ka a bangon fayil ɗin da manyan lambobi, domin daga ita ake ƙirga shekara 1 ɗin.